Digiri na Biyu da Jan Biro: Me Ke Gyara Malamin Rubutu a Amurka?

A makarantun gwamnati na Amurka, albashin malami yana bin wani jadawali ne da kowa ke iya gani. Daga sama zuwa ƙasa shekarun aiki ne, daga hagu zuwa dama kuma karatun da mutum ya ƙaro bayan digirinsa na farko. Malamai biyu za su fara aiki rana ɗaya, su shekara 10 suna koyar da darasi ɗaya, amma wadda ta yi digiri na biyu tana gidan gaba a jadawalin, kuma bambancin kan kai dubban daloli a shekara. A gundumomi da yawa ma akwai ƙananan gidaje a tsakani: digirin farko da ƙarin kiredit 15 (kiredit shi ne ma'aunin da jami'a ke ƙirga yawan kwasa-kwasan da mutum ya yi), digiri na biyu da ƙarin kiredit 30, da sauransu. A jihar New York abin ya wuce batun albashi. Wanda ya samu lasisin farko na koyarwa, shekara 5 ake ba shi ya kawo digiri na biyu kafin a ba shi cikakken lasisi, daga nan kuma sai ya riƙa cika awa 100 na ƙarin horo duk bayan shekara 5.

Shi ya sa fiye da rabin malaman makarantun gwamnati a ƙasar suke da digiri na biyu. Jami'o'i sun daɗe da gane haka, kasuwa ta ci: ga kwas na yamma, ga na dogon hutun bazara, ga na intanet, ga takardar shaidar ƙwarewa ta 'yan kwasa-kwasai huɗu ko biyar. Cikin hajar da ake kasawa a wannan kasuwa akwai guda da nake so mu tsaya a kanta, wato horon da ake ba malamin da ya riga ya samu lasisi kan yadda zai koyar da rubutu. Ba kyan rubutun hannu nake nufi ba. Insha'i nake nufi: yaro ya iya ɗaukar abin da ke kansa ya zuba a takarda, jimla ta bi jimla, hujja ta bi magana, wanda ya karanta ya gane ba tare da an yi masa tafinta ba.

Mai karatu zai ce, to mutumin da ya gama jami'a, ya yi aikin gwajin koyarwa, ya ci jarrabawar lasisi, me ya rage kuma da za a koya masa? Amsar ita ce, yawancinsu ba a taɓa koya musu ba. A 2009 Sharlene Kiuhara da Steve Graham da Leanne Hawken sun tambayi malaman sakandare a faɗin ƙasar, kusan 7 cikin 10 suka ce ko dai ba su sami horon koyar da rubutu a jami'a ba sam, ko kuma ɗan abin da aka yi musu bai taka kara ya karya ba. Shekara guda bayan haka wani binciken ya nuna malaman 'yan aji 4 zuwa 6 minti 15 kacal suke kashewa a rana wajen koyar da rubutu. Sakamakon bai ɓoyu ba. A jarrabawar auna ɗalibai ta ƙasa ta 2011, kashi 27 cikin 100 ne kawai na 'yan aji 8 da 'yan aji 12 (a can ana ƙirga aji ne a jere daga farkon firamare har aji 12, ƙarshen sakandare) suka kai matakin da ake ce wa yaro ya iya rubutu. Tun 2003 wani kwamiti na ƙasa ya ce cikin ginshiƙan makaranta uku, karatu da rubutu da lissafi, rubutu ne aka mayar saniyar ware.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya karanta adabin Ingilishi a jami'a ya koyi feɗe waƙa da nazarin labari, ya rubuta takardu da yawa, amma babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da zai yi da yaro ɗan shekara 13 da ya rubuta layi uku ya ce ya gama. Sai ya koma ga abin da aka yi masa yana ɗalibi: a ba da take ranar Litinin, a karɓa ranar Juma'a, a cika takarda da jan biro, a sa maki. Ni ma haka na yi a 'yan shekarun da na riƙe aji. Nakan kwana ina ja wa kurakurai layi, ina rubuta gyara a gefe, da safe in raba takardu, yaro ya dubi makin da ke sama, ya ninke takardar ya tura cikin jaka. Ihu bayan hari nake ta yi, ina ganin aiki nake.

A 1974 wani tsohon malamin sakandare mai suna James Gray, wanda a lokacin yake kula da ɗalibai masu koyon aikin malanta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya gwada wata dabara. Jami'ar na kukan cewa ɗimbin sababbin ɗalibanta sai an sa su ajin gyaran rubutu, kuma kamar yadda aka saba, jami'a na ɗora laifi a kan sakandare, sakandare na ɗorawa a kan firamare. Hanyar da aka sani ita ce a turo farfesa ya tara malamai ya yi musu lacca. Gray ya ce a'a. A yankin akwai malaman da ajinsu ke fitar da yara masu iya rubutu, ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda suke yi. Ya gayyato ashirin da wani abu daga cikinsu suka yi zaman makonni a harabar jami'a lokacin hutu, kowa ya nuna wa 'yan'uwansa abin da yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan zama shi ne mafarin shirin horar da malaman rubutu mai suna Bay Area Writing Project, wanda daga baya ya bazu ya zama National Writing Project, har ya kai yana da cibiyoyi kusan 200 a jami'o'in ƙasar. Ya kuma faɗo a kan gaɓa, domin a watan Disamba na 1975 mujallar Newsweek ta fito da babban labari kan yadda yaran Amurka suka kasa rubutu, hankalin jama'a ya tashi, masu ba da tallafi suka fara neman inda za su sa kuɗi.

Yana da kyau a ga yadda zaman yake gudana, domin a nan ne bambancinsa da taron bita yake. Mako huɗu ko biyar ake yi, kullum daga safe zuwa la'asar. Ba a raba malamai bisa matsayi: mai koyar da 'yan rabin aji tana kujera ɗaya da mai koyarwa a jami'a. A ce yau malamar 'yan aji 4 ce da fili. Ba za ta ba da labarin darasinta ba, koyar da shi za ta yi, sauran su zama ɗalibai. Ta ajiye tsohon takalmi a kan tebur ta ce kowa ya rubuta abin da ya gani cikin minti biyar, ban da kalmar "tsoho" da kalmar "mummuna". Malamin tarihi mai shekara 20 a bakin aiki ya tsinci kansa yana tauna biro. Bayan an karanta, ta fito da takardun yaranta na gaske, na wanda ya yi kyau da na wanda ya kasa, a bi su layi-layi. Daga nan tambayoyi su fara: me ya sa kika hana waɗannan kalmomi? Yaron da Ingilishi ba harshen gidansu ba fa? In na kai wannan aji 10, me zan canza? Da rana kuma a kasu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowa ya karanta wa 'yan rukuninsa abin da shi kansa yake rubutawa, su faɗa masa inda suka ɓace. Malamai da yawa a nan suke fara jin abin da yaro ke ji in an ce ya miƙe ya karanta nasa, murya na rawa, tafin hannu na gumi. A ƙarshe jami'a ta ba su kiredit na gaba da digiri, wanda ke shiga jadawalin albashin nan, su kuma koma yankunansu su horar da wasu.

Aƙidar shirin biyu ce: malami ne ya fi dacewa ya koyar da malami, kuma mai koyar da rubutu dole shi ma ya riƙa rubutu. Ina son wannan aƙida, ba zan ɓoye ba. Teburin da ba kafinta ya koya maka haɗawa ba, da wuya ya tsaya da ƙafafunsa. Kuma malaman da suka halarci zaman sukan yi maganarsa kamar wanda ya dawo daga aikin hajji. Sai dai jin daɗin malami daban, rubutun yaro daban, kuma a nan ne maganar ta fara ɗaukar zafi.

Mu fara da digirin kansa. Masana tattalin arzikin ilimi sun yi ta kwatanta sakamakon ɗaliban malamai masu digiri na biyu da na marasa shi, kuma galibi ba su ga wani bambancin kirki ba, in ka cire malaman lissafi da kimiyya na sakandare da suka yi digirin a fanninsu. Wani ƙiyasi ya nuna a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 kusan dala biliyan 15 aka kashe wajen biyan ƙarin albashin digiri na biyu. Jihar North Carolina ta dubi irin wannan lissafi ta soke ƙarin ga masu sabon digiri a 2013, malamai suka yi ta ƙorafi. Horon da gundumomi ke shiryawa ma bai tsira ba. A 2015 ƙungiyar TNTP ta bincika wasu manyan gundumomi uku, ta gano suna kashe kimanin dala 18,000 kan kowane malami a shekara da sunan horo, amma malamai 3 cikin 10 ne kawai aikinsu ya inganta a zahiri cikin 'yan shekaru. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Shi ma National Writing Project ya sha nasa. Cibiyar bincike ta SRI International ta bi wani tsarinsa na haɗin gwiwa da makarantu, inda aka bar kowace cibiya da kowace makaranta su tsara horonsu yadda suka ga ya dace. Da rahoto ya fito a 2012, ba a ga bambanci tsakanin rubutun yaran makarantun da aka yi wa horon da na waɗanda ba a yi wa ba. Abin yabo shi ne shugabannin shirin ba su ce masu bincike ne ba su gane ba. Sun koma sun sake ɗinki.

Sabon tsarin, College-Ready Writers Program, ya taƙaita buri. Nau'in rubutu ɗaya aka sa a gaba: yaro ya karanta bayanai mabambanta kan wata magana, ya ɗauki matsaya, ya kare ta da hujja daga abin da ya karanta. Aka ba malamai gajerun darussa na 'yan kwanaki da aka riga aka shirya, tare da abubuwan da yara za su karanta. Aka ware kusan awa 45 na horo a shekara har shekara biyu, a warwatse cikin zangon karatu, ba a dunƙule lokacin hutu ba. Aka kuma ba su ma'aunin duba takardun yara wanda ba ya tambayar maki nawa yaro ya ci. Tambayarsa ita ce me yaron ya yi da maganar da ya ɗauko. An aro wannan daga wani malamin jami'a, Joseph Harris, wanda ya rarrabe abubuwan da marubuci ke yi da maganar wani: ko ya kawo ta a matsayin misali, ko ya jingina da ita don mai maganar masani ne, ko ya ɗora nasa a kanta, ko ya ƙalubalance ta. A ce batun shi ne ko ya kamata a jinkirta lokacin shiga aji da safe. Malamai shida sun baje takardu 30 a tebur, sai su ga kusan duk yaran sun kwafo maganar likita sun ajiye ta haka nan, babu wanda ya ce ga dalilin da ya sa za a saurari likitan, babu wanda ya taɓa hujjar masu cewa iyaye za su makara wurin aiki. Ka ga darasin mako mai zuwa ya fito da kansa. An gwada wannan tsari a gundumomin karkara 44 masu fama da talauci a jihohi 10, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma a 2015 SRI ta ba da rahoton cewa yaran gundumomin da aka yi wa horon sun fi takwarorinsu ingancin hujja da tsarin rubutu. Ba tazarar a zo a gani ba ce, amma a fagen da aka saba ganin babu, ta isa a tsaya a duba.

Ƙungiya ɗaya ce, mutanenta ɗaya, aƙidarta ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne an daina ce wa malami "je ka yi tunani", an ba shi takamaiman abin da zai koyar, an sa ya dawo da takardun yaransa, an kuma sa ya sake dawowa. A ganina nan ne gizo ke saƙar, kuma ya fi sunan takardar da za a ba mutum a ƙarshe muhimmanci nesa ba kusa ba.

To me ya kamata a koya wa malamin? A 2007 Steve Graham da Dolores Perin sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan 'yan aji 4 zuwa 12, suka jera hanyoyi 11 da ke da tasiri. A sama akwai koya wa yaro dabarun tsara rubutu da sake gyara shi mataki-mataki, da koya masa taƙaita abin da ya karanta, sai sa yara su yi aiki tare. Abin da ya fi ba malamai haushi shi ne nahawu. Koyar da shi shi kaɗai, a haddace sunayen sassan jimla, a ja wa suna da aikatau layi, bai ƙara wa rubutu komai ba, har ma an ga alamar ci baya. Wannan ba sabon labari ba ne, tun 1963 wani rahoto na ƙungiyar malaman Ingilishi ta ƙasar ya faɗi haka. Abin da ya yi aiki a madadinsa shi ne haɗa jimloli. A ba yaro "Ruwa ya sauka. Hanya ta lalace. Motoci sun kasa wucewa." a ce ya mayar da su jimla ɗaya ta hanyoyi uku. Da ya rubuta "Da ruwa ya sauka sai hanya ta lalace har motoci suka kasa wucewa", ya yi aiki da nahawu ba tare da ya san sunansa ba.

A nan ne malaman rubutu suka rabu gida biyu, kuma duk wanda zai biya kuɗin kwas gara ya san gidan da zai shiga. Gida na farko ya samo asali daga irin su Donald Murray, wanda a 1972 ya yi kira a koyar da rubutu a matsayin tafiya mai zango-zango maimakon a jira kaya a ƙarshe. Su sun fi yarda yaro ya zaɓi abin da zai rubuta, ya rubuta da yawa, malami ya zagaya yana zantawa da shi. Gida na biyu na cewa wannan ya dace da yaron da ya tashi gidan littattafai, amma wanda bai taɓa jin yadda jimlar takarda take ba, sai an nuna masa ƙarara. Judith Hochman ce fitacciya a nan. Ɗaya daga darussanta shi ne a ba yaro guntun jimla ya ƙarasa ta sau uku, da "saboda", da "amma", da "don haka". "Manoma sun koma noman rani saboda..." na neman dalili, "amma..." na neman cikas, "don haka..." na neman sakamako. Yaron da bai fahimci darasin ba, ba shi da wurin ɓuya. Makarantar sakandare ta New Dorp a Staten Island ta ɗauki hanyarta a kusan dukkan darussa, masu cin jarrabawar Ingilishi ta jiha suka tashi daga kashi 67 a 2009 zuwa kashi 89 a 2011. Makaranta ɗaya ce dai, kuma ba wannan kaɗai ta canza ba, saboda haka kada a shafa wa labarin shuni. A ɗaya ɓangaren, Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia ta rufe cibiyar Lucy Calkins, wadda jigo ce a gida na farko, a 2023 bayan shekaru fiye da 40 tana horar da dubban malamai, ko da yake sukar da ta kayar da ita ta fi shafar koyar da karatu. Ni dai ina ganin rigimar ta fi zafi a takarda fiye da cikin aji. Malamin kirki yakan nuna yadda ake gina jimla da safe, ya kuma bar yaro ya rubuta labarin kakarsa da rana.

Akwai abin da babu digirin da ke maganinsa. Malamar Ingilishi a sakandaren Amurka tana iya riƙe aji biyar, yara 150. In ta ba kowace takarda minti 10, awa 25 ke nan kan aiki guda ɗaya, ban da shirya darasi. Ƙungiyar masu koyar da rubutu a jami'o'in ƙasar ta ce kada ajin rubutu ya wuce mutum 20, kada malami ya riƙe fiye da 60 a zango, amma wannan jami'a ake wa magana. Saboda haka horon da ya san abin da yake yi yakan koya wa malami rage wahala: gajerun rubuce-rubuce akai-akai maimakon dogo ɗaya a wata, duba abu guda a kowace takarda, yin magana a kan daftari tun yaro na da damar gyarawa. Tun da ChatGPT, manhajar da ke iya rubuta wa mutum insha'i, ya fito a ƙarshen 2022, wannan ya ƙara zama dole, domin takardar da aka kai gida aka dawo da ita tsaf ba ta ƙara nuna wa malami komai, sai wadda ya ga ana gina ta a gabansa.

Kuɗi ma matsala ne. Gwamnatin tarayya ta fara ba National Writing Project kaso kai tsaye a 1991, ta yanke shi a 2011 lokacin da ya kai kusan dala miliyan 25 a shekara. Daga nan cibiyoyi suka koma neman tallafi ta hanyar gasa da sayar wa gundumomi horo, wasu suka rage kwanakin zaman hutu, wasu suka rufe. Kwas na intanet da mutum zai gama a ɗakinsa ba tare da kowa ya ga takardar ɗalibinsa ko ɗaya ba, kiredit ɗinsa daidai yake da na wanda ya yi mako biyar yana karanta rubutunsa gaban abokan aiki. Jadawalin albashi ba ya bambanta su.

Mu a nan gida, malami ya san rajista da lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ya san kwasa-kwasan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma san taron bita na kwana uku da ake rufewa da rabon takardar halarta da alawus. Ya san insha'in WAEC na kalma 450, inda cikin maki 50 aka ware 10 don tsabtar rubutu, ana zare rabin maki kan kowane kuskure. Saura 40 ɗin na ƙunshiya ne da tsari da iya sarrafa harshe, amma ƙirga kuskure shi ne abin da aka fi koya mana, shi muka fi iyawa. A duk bitar da na halarta lokacin ina koyarwa, ban taɓa zuwa wadda aka ce in taho da takardun ɗalibaina ba, balle a ce in rubuta shafi guda in karanta wa na kusa da ni.